Muhawara kan harshen Tsimbar: allon hanya ko aikin yi?

Baƙon Trento: Jama'a, ina da ƙorafi. Makon jiya na hau dutse zuwa Luserna, ƙauyen da mutanensa ba su kai 300 ba a arewacin Italiya, inda har yau ake jin Tsimbar a bakin jama'a. Allunan hanya da harshe biyu aka rubuta su, ga cibiyar raya al'ada, har labarai ake karantawa da shi a talabijin. Amma dattijuwar da ta sayar mini da cuku ta ce jikokinta duk suna birni, kuma idan ta yi musu Tsimbar a waya da Italiyanci suke amsa mata. A ganina, kuɗin da ake zubawa a alluna ba zai ceci wannan yare ba muddin babu aikin da zai riƙe matasa a kan dutsen.

Hajiya Malama: Ƙanena, kafin mu je ko'ina, ka janye kalmar "yare". Mun san yadda muke amfani da ita idan muna son ƙasƙantar da maganar wasu. Harshen da aka buga littafin koyar da addinin Kirista da shi tun 1602 ya wuce a kira shi haka.

Ɗalibin Jamusanci: Ranki ya daɗe, ai da ya kira shi "yare" ma alfarma ya yi masa. A ilmance karin harshen Bavariya ne, wato wani reshe na Jamusanci, wanda manoma da masu saran itace suka sauko da shi kudu wajen ƙarni na 11 da na 12.

Hajiya Malama: To me ya sa dokar Italiya mai lamba 482 ta 1999 ta ba shi kariya?

Ɗalibin Jamusanci: Dokar al'ummomi masu asalin Jamusanci ta ambata a dunƙule, ba ta kira sunan Tsimbar ba.

Kawu Direba: Ku duka kun ɓata hanya. Wani abokin aikina ɗan Verona ya tabbatar mini cewa masu jin Tsimbar jikokin mayaƙan nan ne da ake kira Cimbri, waɗanda Rumawa suka ci da yaƙi shekara 101 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya sa sunan ya zo ɗaya.

Ɗalibin Jamusanci: Kawu, masana sun daɗe da watsar da wannan zance.

Kawu Direba: Kai da ba ka taɓa taka Italiya ba, za ka ƙaryata ɗan ƙasa?

Baƙon Trento: Don Allah, maganar aikin yi na kawo. A ƙauyukan Giazza da Roana, su ma a arewacin Italiya, tsiraru ne suka rage masu jin Tsimbar, kuma ba wanda ya ce uffan kan haka.

Hajiya Malama: Janye kalmar tukuna.

Mai kula da zaure: Bari in taƙaita. Hajiya ta kawo hujjoji masu ƙarfi cewa Tsimbar cikakken harshe ne, kuma ba a samu wanda ya rushe su ba, ko da yake wani matashi ya yi ta gardama da na gaba da shi. Batun Kawu yana buƙatar bincike. Mai ƙorafi kuwa bai janye kalmarsa ba har zuwa lokacin da na rufe zauren.