Ina so in haɗa shiri kan A'isha Falatiya, ta ina zan fara?

Ɗan Gadarif: Assalamu alaikum. Jiya kakata tana gasa kofi tana rera wata waƙa, na tambaye ta, ta ce ta A'isha Falatiya ce. Na ji kunya, jikan Bahaushe amma ban san ta ba. Ina so in haɗa ɗan shiri kan rayuwarta, waya kawai gare ni. Ta ina zan fara?

Hajiyar Maiurno: Ɗana, fara da kakar taka, tun tana nan. An haifi A'isha a Kasala, a ƙasar Sudan, iyayenta mutanen Sakkwato ne da suka biyo hanyar hajji. Mahaifinta malami ne, bai yarda da waƙar ba sam. Nan labarin yake.

Baban Sadiya: Ita ce mace ta farko da ta yi waƙa a rediyon Omdurman, a 1942, 'yar'uwarta na kaɗa mata ud, wato garayar Larabawa. Ta je Alkahira ta yi faifai, ta yi wa sojoji waƙa lokacin yaƙin duniya na biyu. Ta rasu a 1974. Ka nemi tsofaffin kaset-kaset wajen dattawa.

Ɗan Gadarif: Na gode, Hajiya, na gode Baba. Kaka ta ce sai na sayo mata turare kafin ta yi magana.