Waɗanda suka haihu da kansu, yaya kuka yi da ciwon naƙuda?

Amaryar Rikkos:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Cikina ya shiga wata tara, kuma na fari ne. Duk wadda na tambaya a gida yadda naƙuda take sai ta yi dariya ta ce "za ki gani." Innata ma cewa ta yi ba a faɗa. A wajen awo kuwa layi ba ya barin mutum ya tsaya tambaya. Don Allah wadda ta haihu da kanta ta gaya min gaskiya, me kika yi a lokacin da ciwon ya taso? Addu'a ina kan yi. Abin da zan yi da jikina nake nema.

Maman Yusra, Unguwar Rogo:
Wa alaikis salam ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Abin da na so a ce wani ya gaya min tun farko shi ne ciwon ba a jere yake ba. Zuwa yake yi, ya hau, ya kai ƙarshensa, ya sauka, sannan ya ba ki hutu. Ko a lokacin da ya fi tsanani, tasowa ɗaya ba ta cika wuce minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba. To ki daina tunanin "yau zan kwana ina naƙuda." Ki riƙa tunanin wannan guda ɗayar da ke gabanki kawai.

Ta farina cikin hunturu na yi ta, kin dai san sanyin Jos na watan Janairu. Da daddare ta fara, kamar ciwon mara na al'ada, sai ƙugu ya ɗauka. Da na kwanta sai na ji kamar za a tsinke min baya, don haka na tashi na riƙa zagaya tsakar gida da rigar sanyi. In na ji tana tasowa sai in dafa bango da hannu biyu, in ɗan buɗe ƙafa, in riƙa juya ƙugu a hankali. Yayata tana bayana, ta sa tushen tafin hannunta a ƙasan gadon bayana, daidai inda ƙashin ya yi faɗi, ta danna da ƙarfinta duka. Ba shafawa ba fa, dannawa. Da ta gaji ta sassauta sai in ce "Yaya ƙara!" Ta kuma zuba ruwan ɗumi a gorar roba, ta naɗe da zane ta ɗora min a wurin. Wallahi waɗannan biyun sun fi min komai.

Numfashi kuma: ki ja ta hanci, ki sake ta baki a hankali, fitar ta fi shigar tsawo. In kika ji kin ɗaure kafaɗa kin cije haƙori, to kin fara kokawa da ciwon, kuma shi zai ci ki. Ki saki muƙamuƙi.

Hajiya Inna, Gangare:
Mu a zamaninmu a durƙushe muke haihuwa, ungozoma tana gefe, kuma ko tari ba a so a ji, balle a haihuwar fari. Wadda ta yi raki har kishiyoyi sai sun yi mata waƙa. Ban ce ku koma wannan ba. Amma durƙuson nan kada ku raina shi, yana da sauƙi a kan rigingine. Ni abin da ke ba ni mamaki da 'yan matan yanzu, tun ciwo bai kai ko'ina ba an fara kururuwa ana kiran miji. Ki adana ƙarfinki 'yata, akwai inda za ki neme shi.

Ummu Abdallah, Bauchi Road:
Hajiya, da girmanki, maganar adana ƙarfi gaskiya ce, amma kunyar nan ta cuci mata da yawa. Akwai wadda za ta kwana tana murƙususu a ɗaki, ta ƙi gaya wa kowa don kada surukarta ta ce raguwa ce, sai abu ya ɓaci a kwashe ta. Nana Maryam ma, a cikin surarta aya ta 23, da naƙuda ta kai ta gindin dabino cewa ta yi ina ma ta mutu kafin wannan. Allah bai zarge ta ba, sai aka ce kada ta yi baƙin ciki, ta girgiza dabinon, ta ci ta sha. Ni wannan ayar ce ta riƙe ni. Na shiga da dabino a jaka, tsakanin ciwo da ciwo in gutsiri ɗaya in kurɓi ruwa. In ya taso kuma ba na iya doguwar addu'a, "Ya Hayyu Ya Ƙayyum" kawai nake ja tare da numfashina. Kuma na yi gurnani, ban ɓoye ba. Na lura in na saki murya ƙasa-ƙasa daga ƙirji jikina yana sakewa, in na tsala ihu sama kuma sai maƙogwaro ya bushe, ƙarfi ya tafi a banza.

Sista ta ɗakin haihuwa:
Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma ungozoma, nan cikin Jos nake aiki, kuma ni ma na hau gadon nan, don haka bari in haɗa biyun.

Abin da kike ji mahaifa ce ke matsewa don ta buɗe bakinta ta turo yaro ƙasa. Sai bakin ya kai santimita 10 ake cewa ya gama buɗewa. Daga farko zuwa wajen santimita 5 abin a hankali yake tafiya, musamman a haihuwar fari, shi ne mata ke kira naƙudar tsaye. Yana iya ɗaukar yini ko kwana. A nan ne masu cikin fari ke karaya: ta zo tana ganin yanzu za ta sauka, a duba a ce santimita 2, sai ta fashe da kuka. Ba wani abu ne ya lalace ba. In lafiyarki ƙalau, wannan lokacin na cin abinci mara nauyi ne, da wanka da ruwan ɗumi, da gyangyaɗi in ya samu. In ciwon ya koma zuwa duk bayan minti biyar, kowanne yana kai minti ɗaya, ya kuma ɗore a haka kamar awa guda, ki kama hanya. In gidanku da nisa kada ma ki jira hakan.

Amma akwai abubuwan da ba a jira da su ko minti ɗaya: jini, fashewar faya (balle in ruwan kore ne ko yana wari), ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, zazzaɓi, jijjiga, ko yaro ya rage motsi. Haka ciwon da ya riƙe cikin tamau bai sake ba. Wannan ba na juriya ba ne.

A shekarar 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari kan kula da mai naƙuda, kuma yawancin abin da Maman Yusra ta faɗa yana ciki: a bar mace ta yi yawo, ta zaɓi yadda za ta zauna ko ta durƙusa, a bar ta ta ci ta sha in ba ta da matsala, a yi mata tausa da gashi, ta kuma samu wanda ta yarda da shi a kusa da ita. Durƙuson Hajiya ma yana da hujja. Doguwar rigingine tana sa nauyin ciki ya danne manyan jijiyoyin jini na baya, don haka in za ki kwanta, ki kwanta ta gefen hagu.

Abu biyu da ba a cika faɗa ba. Ki riƙa zuwa fitsari a kai a kai, cikakkiyar mafitsara tana tare wa kan yaro hanya, tana ƙara ciwo. Sannan in kika ji nishi ya zo, ki faɗa a duba ki tukuna. Yin nishi bakin mahaifa bai gama buɗewa ba yana iya kumbura shi. In muka ce ki dakata, ki riƙa hura iska gajere-gajere ta baki har ya wuce. Kuma lokacin da za ki ji kin ce "ba zan iya ba, ku yi min aiki," ga rawar jiki ga tashin zuciya, mu a wajenmu sau da yawa alama ce an kusa.

Maman Nanfe, Bukuru:
Sista, na gode da kika faɗi wannan na ƙarshen, ni har wasiyya na fara bari a lokacin. Amma ina so amarya ta san ba duka naƙuda ce iri ɗaya ba. Ta farko da kanta ta zo, na yi ta zagaye ina waƙar coci a raina har na sauka. Ta biyu faya ta fashe ciwo bai zo ba, aka sa min ruwan naƙuda. Wannan daban ne. Ciwon yana zuwa kusa-kusa, hutun tsakani kaɗan, ga ki ɗaure da robar ƙarin ruwa. Duk dabarata ta ƙare, na roƙi allura aka yi min. Ba ta ɗauke ciwon ba, ta dai dusashe shi, na samu na ɗan lumshe ido. Ban ga abin kunya a ciki ba.

Sista ta ɗakin haihuwa:
Babu kuwa. Sai dai irin wannan allurar ana duba lokaci, don in aka yi ta dab da haihuwa tana iya sa jariri ya fito da kasala wajen numfashi. Akwai kuma allurar baya da ke kashe ciwon daga ƙugu zuwa ƙasa, amma sai inda akwai likitan da ya ƙware a kanta, kuma da kuɗinta. Mai so ta tambaya tun a wajen awo, ba ranar ba.

Maman Sadik, Dilimi:
Tunda babu wadda ta taɓo, ni zan taɓo: jiƙe-jiƙen "saurin naƙuda." Da zarar an ji kin fara, kowace maƙwabciya da kofinta. Ba wanda ya san ƙarfin abin da ke ciki. Wata 'yar uwarmu aka ɗura mata, ciwon ya haukace babu hutu, ashe yaron a gicciye yake. Da kyar aka ceto ta da tiyata. In hanya ba ta ba da ba, ƙara wa mahaifa ƙarfi fashewa yake jawowa. Kuma duk wanda ya san asibitin Jankwano da ke nan Jos ya san akwai sashen masu yoyon fitsari, mata daga jihohi daban-daban, akasarinsu doguwar naƙuda ce ta kai su. Ki ce an hana ki a asibiti, ki ɗora wa nas laifin, ba mai jin haushinki.

Hajiya Inna, Gangare:
Rubutu dai ba ya cikin wannan, ko?

Maman Sadik, Dilimi:
A'a Hajiya, saiwoyi da sassaƙe nake nufi.

Maman Yusra, Unguwar Rogo:
Na manta ban faɗa ba. Ki zaɓi 'yar rakiyarki tun yanzu, kuma ba lallai sai wadda ta fi kusa da ke ba. Mahaifiyata ba ta iya ganina cikin ciwo, kuka take fara yi, sai in koma ni ke lallashinta. Ki nemi mai taurin zuciya da ƙarfin hannu, ki nuna mata wurin dannawar tun kafin ranar. Ki tambaya ko ana barin 'yar rakiya ta shiga, don a wasu wuraren ɗaki ɗaya ne da gadaje da yawa, a ƙofa ake tsayar da kowa. Maigida kuma aikinsa mota: ya karɓi lambar mai mota ko mai Keke na unguwa guda biyu, ya gaya musu za a iya kiransu da tsakar dare. Jaka ta kwana a bakin ƙofa, katin awo a aljihun gaba, ki sa safa da bargo a ciki, ɗakin haihuwa da asuba sanyi gare shi.