Ta yaya za mu yi bikin 1 ga Oktoba a layinmu tare da maƙwabta?

Ɗan Zango, Agege:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar 'yan'uwa mazauna Legas a kan wani abu da ya tsaya mini a rai. Ƙanina da ke karatu a Amurka ya turo mini bidiyon bikin 4 ga Yuli, ranar da Amurkawa suke tunawa da shelar 'yancin kansu ta 1776, kuma abin da na yi ta maimaita kallo shi ne faretin ƙaramin garin da yake zaune: motar 'yan kwana-kwana a gaba, ɗalibai da ganguna a bayanta, yara a kan kekunan da suka ƙawata da tutoci, jama'a kuwa sun jera kujeru a bakin titi, da aka tashi sai aka wuce gidan wani maƙwabci aka gasa nama. Shekarata 11 a layinmu, muna zaune lafiya da Yarbawa da Ibo, amma kowace 1 ga Oktoba, ranar samun 'yancin kan Najeriya, ko dai barci muke yi ko mu buɗe shago, har ɗana mai shekara 9 ya ɗauka ranar hutun makaranta ce kawai. Shin akwai wanda ya taɓa shirya irin wannan taro a unguwarsu, kuma ta ina ya fara?

Dattijon Obalende:

Wa alaikumus salam. Ɗana, tambayarka ta faranta mini rai, domin ranar nan a garin nan aka haife ta. Filin da ake kira Dandalin Tafawa Balewa a yau filin sukuwa ne a da, kuma a nan ne da tsakar daren 30 ga Satumba, 1960 aka sauke tutar Birtaniya aka ɗaga mai launin kore da fari da kore, wadda Taiwo Akinkunmi ya zana yana ɗalibi a Landan. Gimbiya Alexandra ce ta wakilci Sarauniyar Ingila, Sir Abubakar Tafawa Balewa kuma yana Firayim Minista. Mahaifina yana cikin taron, kuma har ya koma ga Allah bai daina ba mu labarin yadda ya tako da ƙafa daga Obalende ya tsaya cikin cunkoso har aka kunna fitilu a kan sabuwar tuta ba.

Mu da muka yi firamare bayan haka, mako biyu muke yi muna koyon maci a rana, iyayenmu mata su wanke mana kayan makaranta su sa bula, a goge da dutsen guga na gawayi. A ganina, tun da aka mayar da babban birnin ƙasa Abuja a watan Disamba na 1991 sai bikin ya koma abin da ake kallo a talabijin. Shawarata ita ce kafin komai ka kai yaranka dandalin su ga wurin da idanunsu, sannan ka je ka gaida Sarkin Hausawan unguwarku da Baale na Yarbawa, ka shaida musu niyyarka. Idan manya suka sa albarka, babu wanda zai ce taron na wata ƙabila ne.

Malama Maman Yara, Idi-Araba:

Baba ya gama magana a kan tarihi, Allah ya ƙara masa lafiya. Ni malamar makaranta ce, kuma mun gwada wannan a layinmu bara. Malam, kada ka manta cewa bikin Amurkawa a tsakiyar lokacin zafi yake faɗowa, mu kuwa a Legas ruwa yana dawowa a Satumba da Oktoba, saboda haka ku yi hayar rumfa tun da wuri. Mu ba mu yi ba, sai ruwa ya kore mu zuwa barandar wani gida da tukunyar dafa-duka a hannu. Abu na biyu shi ne taken ƙasa, domin a watan Mayu na 2024 an dawo da tsohon take na 1960, kuma na lura iyaye da yawa ba su iya shi ba, sai yara ne suke jan su. A buga shi a takarda a raba. Game da maci kuwa, ku roƙi 'yan agajin masallacinku su koya wa yaran layi gaba ɗaya, Musulmi da Kirista, su yi zagaye ɗaya daga bakin layi zuwa ƙarshensa. Abin da ba zan manta ba shi ne wata tsohuwa Bayarbiya da ta fito da kujerarta ta zauna tana share hawaye, jikarta na riƙe da tuta tare da 'yata.

Ɗan Kasuwar Mile 12:

Malam, ba ina rage maka ƙarfin gwiwa ba ne, amma ka san halin da ake ciki, kuma akwai magidancin da ko kuɗin karo-karo kaɗan aka ce ya kawo zai ji nauyi, ya kuma ji kunyar cewa babu. Kada a yanka wa kowa adadi, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, ko masa ko zoɓo ko amala. Sannan kada ku tare titi sai kun sanar da ƙungiyar ci gaban unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa, kuma kada ku karɓi ko kujera ɗaya daga hannun ɗan siyasa, domin da zarar hularsa ta bayyana rabin layin zai koma gida. Idan kun tsayar da magana, ni zan kawo kwandon tumatir da albasa.

Ɗan Zango, Agege:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, insha Allah ranar Lahadi zan kai yaran dandalin. Na riga na yi magana da maƙwabcina Bayarabe, ya ce shi zai raka ni wurin Baale ranar Juma'a bayan la'asar, kuma matarsa ta ɗauki nauyin ɗinka ƙananan tutoci guda 30.