Neman shawara: me "fonte ductile" ke nufi a takardar aiki?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ƙaramin ɗan kwangila ne a nan Maradi. Na samu aikin kawo murafen ramukan magudanar ruwa guda 14 a wani titi da manyan motoci ke bi. Takardar da Faransanci take, an rubuta "fonte ductile, D400". Fonti dai na san shi tun ina yaro, ƙarfen zubi ne irin na jikin injin niƙa da tsohon keken ɗinki. Kalma ta biyun ce ta tsaye mini. Jiya wani mai sayar da kayan gini ya nuna mini murfi mai kauri, mu biyu muka ɗaga shi da ƙyar, ya ce fonti duk fonti ne, duktil sunan kamfani ne kawai. Nasa ya fi araha sosai. Hankalina bai kwanta ba, domin jarin na aro ne, in aka ƙi karɓar kayan na shiga uku. Me kalmar ke nufi, yaya zan gane shi, kuma me zan ce wa yarana da Hausa?

Wani injiniyan ruwa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka biya tukuna. Duktil ba sunan kamfani ba ne, halin ƙarfen ne: wanda ke miƙewa ko ya tanƙwara kafin ya karye. Da duktil da fontin da ka saba da shi, kowanne yana da sinadarin kabon, wajen kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari, kuma yawancinsa yana zaune a cikin ƙarfen a matsayin girafit, wannan baƙin abin da ke cikin fensir. A fontin da ka saba da shi, girafit ɗin falle-falle yake, mai kaifin baki. Ka ga yadda tela ke ɗan tsaga bakin yadi da almakashi, ya ja, ya kece har ƙasa? Haka kowane falle yake yi wa ƙarfen idan mota ta daka shi. A duktil kuwa, ana zuba ɗan magneziyom a narkakken ƙarfen kafin a zuba shi a mazubi, sai girafit ɗin ya dunƙule kamar ƙwayar gero. Tsaga ba ta samun bakin da za ta fara. Wani Ba'amurke, Keith Millis, shi ya gano haka a 1943, aka ba shi da abokan aikinsa takardar mallakar fasahar a 1949.

Shi ya sa a wasu takardun za ka ga "fonte GS", wato mai dunƙulallen girafit, abu ɗaya ne. In ka ga lamba kamar 500-7, 500 ɗin ƙarfin jurewa ja ne, 7 kuma yana nufin zai miƙe kashi 7 cikin ɗari kafin ya tsinke. Fontin gargajiya ko kashi 1 ba ya kaiwa. D400 kuma wani zance ne daban, ajin nauyi ne a ƙa'idar Turai ta murafen titi mai suna EN 124: an gwada murfin da nauyin kusan ton 40, shi ake sa wa a tsakiyar titi. B125 na gefen da mutane ke takawa ne. Takardarka ta nemi abu biyu ke nan, irin ƙarfen da kuma ajin.

Baba mai walda, unguwar Zariya: Yarona, nauyi ba shi ne shaida ba. Na gargajiyar ma shi ya fi nauyi, saboda sai an ƙara masa kauri yake jurewa. Ka rataye murfin ko ka jingine shi, ka buga da guduma. Duktil yana amsawa da ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa, ɗayan kuwa ƙararsa a dushe take, nan take ta mutu. In mai kaya ya yarda, ka huda bayansa kaɗan da injin huji. Na gargajiya baƙin gari yake zubarwa, ya ɓata maka yatsa. Duktil 'yan guntayen ƙarfe yake fitarwa masu ɗan naɗewa. An sha kawo mini murfin da tirela ta raba biyu a ce in ɗinke, bakin karayar toka-toka kamar busasshen tuwo. Ba na karɓa. Ko duktil ɗin ma sai da sandar walda ta nikel, a ɗumama shi, a binne a yashi ya huce a hankali, kuma ban yarda a mayar da shi kan titi ba.

Wata malamar makarantar koyon sana'a: Yaya, game da Hausar, ni ina ce wa ɗalibaina "ƙarfen zubi mai tanƙwaruwa". Ka kuma kiyaye da "fonte malléable", wani iri ne daban da ake gasawa bayan zubi, shi ake yin ƙananan mahaɗan bututun famfo da shi.

Baba mai walda: Malama, in kika ce mai tanƙwaruwa, yaro zai ɗauka kamar rodi ne, ya sa ƙarfi ya lanƙwasa. Maƙera na da kalmarsu tun da can: ƙarfe mai danƙo da ƙarfe mai gautsi. A ce fonti mai danƙo, kowa a bakin kasuwa zai gane.

Malamar: Gaskiyarka Baba, na karɓa. Danƙo ya fi kama ma'anar.

Injiniyan: Bugun guduma yana taimakawa, amma mai duba aiki rubutu zai nema. Murfin kirki yana da EN 124, da D400, da tambarin masana'anta a zube a jikinsa, ba fenti ba. Ka nemi takardar shaidar masana'anta, ka kai murfi ɗaya a amince da shi a rubuce kafin ka sayi sauran.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Da safen nan na koma da guduma. Murfin bai yi ƙara ba, kuma na shafa jikinsa kaf, gaba da baya, babu ko harafi ɗaya. Na bar masa kayansa. Na yi waya da wani dila a Yamai, ya turo mini hoton nasa, D400 da GS sun fito ɓaro-ɓaro. Na ce ya aiko guda ɗaya a mota tare da takardarsa. Baba, in ya iso zan biyo da shi ta wajenka ka buga mini kafin in kai.