Waɗanda suka bi ramin ruwan Hezekiya a Urushalima, ku ba mu labari

Ɗan Kagoro: Salama 'yan'uwa. Mahaifiyata za ta ziyarar Urushalima bana, ta dage sai ta bi ramin ruwan Hezekiya. Shekarunta 64, kuma gwiwa na damunta. Yaya cikinsa yake?

Maman 'Yan Biyu, Jos: Ɗana, na shiga. A bakin shiga ruwan ya kai mini cinya, sanyi kamar na randa, daga baya ya sauka ƙwauri. Faɗinsa da kaɗan ya fi kafaɗuna, duhu kuwa ko tafin hannunka ba ka gani. Mita 533 ne daga maɓuɓɓugar Gihon zuwa tafkin Siluwam, mun yi kusan minti 40. A saya mata tocila da takalmin roba mai kama ƙafa. Ni silifa na sa, ruwa ya tafi da ɗaya.

Malamin Tarihi, Zariya: Ni wajen tsakiya ne ya tsayar da ni. Ina shafa bango ina bin sawun diga, sai na ji sawun ya juya fuska. A nan mahaƙan da suka faro daga ɓangarori biyu suka haɗu. Rubutun Ibrananci da wani yaro ya gano a 1880 kusa da mafita ya ba da labarin: saura kamu uku suka jiyo muryar juna ta cikin dutse. Tsikar jikina ta tashi. Asalin rubutun yana gidan tarihi na Istanbul, kwafi ne za ta gani, kuma bai ambaci sunan sarki ba. 2 Sarakuna 20:20 a Littafi Mai Tsarki ce ta jingina aikin ga Hezekiya, sarkin Yahuza, wanda Sennakerib na Assuriya ya kawo wa hari a 701 kafin haihuwar Almasihu. A 2003 masanin kimiyya Amos Frumkin da abokansa sun auna ɓurɓushin tsirrai a cikin yaɓen ramin, suka samu wajen shekara ta 700 kafin haihuwar Almasihu. Ronny Reich da Eli Shukron, da suka daɗe suna tono a wurin, suna ganin ya girmi haka.

Dattijo, Kafanchan: Yaro, ni ban shiga ruwan ba. Matakalar sauka kaɗai ta gajiyar da ni, sai na bi busasshen ramin Kan'aniyawa da ke gefe, gajere ne. In gwiwar ta matsa, nan za ta bi. Kuma ta gaida mutanen unguwar Silwan in ta fito, Falasɗinawa ne, ramin nan ta ƙarƙashin unguwarsu ya ratsa.

Ɗan Kagoro: Na gode Baba, na gode Mama. Na karanta mata, ta ce in nemo tocilar.