Baba yana da tsakuwa a ƙoda, kuma an ce agarar bayansa ta yi kauri: wanne za a fara yi wa aiki?

Ɗan Hausare, Garwa:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar asibiti, ko waɗanda irin wannan ya taɓa samun wani nasu.

Mahaifinmu mahauci ne a babbar kasuwar Garwa, ya haura shekara sittin, tun yana saurayi a tsaye yake wuni gaban teburin nama. Ya daɗe yana fama da ƙugu, amma yanayin ciwon ne ke ɗaure mana kai. In ya taso daga gida zuwa masallacin unguwa, kafin ya isa ƙafafunsa sun yi nauyi, cinyoyinsa sun ɗauki zafi, dole ya nemi dakali ya zauna. Da ya ɗan huta sai ya miƙe garau. Kekensa kuwa, ya hau har bakin gadar Binuwai ya dawo babu abin da ya dame shi. A azumin da ya wuce tsayuwar tarawihi ta gagare shi, ya ce da za a bar shi a ruku'u da ya fi samun sauƙi. Har Inna, abokiyar zaman mahaifiyarmu, ta fara tsokanarsa wai shi ke zaɓar lokacin ciwonsa.

Cikin zafin watan Afrilu sai wani ciwo daban ya kama shi a kwiɓin dama, yana birgima a tabarma yana amai, fitsarinsa ya yi ja. Eko, wato hoton ciki da ake ɗauka da na'urar da ake shafawa a fata, ya nuna tsakuwa a ƙoda, babban hoton sikana ya tabbatar: milimita 23, tana zaune a bakin hanyar da fitsari ke fita daga ƙodar, ƙodar kuma ta kumbura. Muka bi jirgin ƙasa daga Ngaundere zuwa Yawunde, can aka ƙara yi masa hoton baya na IRM (wanda ake kira MRI), aka ce wata agara a tsakanin L4 da L5, wato ƙashi na huɗu da na biyar na ƙugu, ta yi kauri har milimita 6, ta matse jijiyoyin da ke sauka ƙafa.

Yanzu likitoci biyu, magana biyu. Likitan ƙoda ya ce a huda ta baya a fasa tsakuwar a kwashe. Likitan ƙashin baya ya ce a buɗe a rage agarar. Kuɗin da muka haɗa, har da sayar da shanu biyu na Baba, aiki ɗaya za su iya. Shi Baba bayan yake so a fara, don shi ke hana shi kasuwa, kuma wani ya tsorata shi cewa zai shanye. Kwiɓin ya lafa, kullum da safe yana haɗiyar diklofenak da yake saye wurin mai tebur. Wanne ya fi gaggawa? Kuma ciwon bayan zai hana a yi aikin ƙodar?

Malamar jinya, Ngaundere:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. A ɗakin tiyata nake aiki, ɓangaren allurar barci. Ban ga takardunsa ba, hukunci na likitocinsa ne, amma ga abin da zan faɗa maka da babbar murya.

Tun yau a ɗauke masa diklofenak ɗin nan. Maganin yana rage jinin da ke shiga ƙoda, ga ƙoda ɗaya a toshe, ga zafin Garwa yana tsotse ruwan jiki. Lafiyayyar ce ke ɗauke da shi yanzu, ita kuma ake wahalarwa. Ya koma farasitamol kafin likita ya duba, a kuma auna kireyatinin a jininsa, gwajin da ke nuna yadda ƙoda ke aiki.

Lafawar kwiɓin ita ta fi ba ni tsoro. Ƙodar da ta toshe takan daina ciwo bayan ɗan lokaci, amma matsin fitsarin da ya taru yana ci gaba da cinye namanta a hankali, abin da ya mutu kuma ba ya dawowa. Matsewar baya irin ta Baba yawanci shekaru take ɗauka tana tafiya, wasu ma a wuri ɗaya take tsayawa, kuma ba kasafai take kai mutum ga shanyewa ba. Don haka in kuɗin aiki ɗaya ne, ni ƙoda zan ce.

Abu biyu ne ke sauya lissafin. Zazzaɓi da rawar sanyi a kan toshewar ƙoda: wannan a tafi asibiti ko da tsakar dare ne, don ƙwayoyin cuta suna iya shiga jini cikin awoyi. Ta ɓangaren baya kuma, in ya ji tsakanin cinyoyinsa da mazauninsa sun mutu ba ya jin taɓi, ko fitsari ya tsaya masa, ko bayan gida na kufce masa, ko ƙafa ta soma ja, to bayan ya zama na gaggawa a ranar.

Baban Sadiya, Kusiri:

Ɗan'uwa kada ku yi saurin kai dattijo a yanka. Ni ma na yi tsakuwa, ruwan lemun tsami da man zaitun na sha safe da yamma, ta fito da kanta, har yanzu tana nan a kwalba na ajiye. Bayan kuma a kira wanzami ya yi masa ƙaho. Kuɗin shanun nan ku riƙe abinku.

Ɗan Hausare, Garwa:

Na gode Malama. Na kira ƙanwata da ke gida, ta ɗauke kwalin maganin daga aljihun rigarsa, yanzu haka yana can yana faɗa. Baban Sadiya, ƙaho kam an yi masa har bayansa ya cika da tabo. Taka tsakuwar girmanta nawa?

Baban Sadiya, Kusiri:

Kamar ƙwayar gero babba, ko ƙaramar dawa.

Likitan ƙauye, Njamena:

To Alhaji, a nan bambancin yake. Tsakuwar da ba ta kai milimita 5 ba yawancinta da kanta take fita, a sha lemun tsami ko kada a sha. Bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara faɗinsa milimita 3 zuwa 4 ne, mai 23 ba ta da hanya. Iri ɗaya ce aka fi narkarwa da magani, wadda sinadarin yurik ke haifarwa, kuma masu yawan cin nama sun fi yin ta, don haka tambayar ta dace da mahauci. Alamarta ita ce ba ta fitowa a hoton radiyo (X-ray) na yau da kullum, sai a sikana. Ɗan Hausare, duba takardunku. In ta fito fara tas a radiyo, galibi ta kalsiyam ce, wadda ita ce mafi yawa a duniya, ba ta narkewa.

Aikin da likitan ƙoda ya faɗa shi ne ka'ida ga tsakuwar da ta wuce santimita 2. Likitoci biyu a Suwidin, Fernström da Johansson, su suka fara bayyana shi a 1976. Rami ake yi a kwiɓi wanda bai fi santimita ɗaya ba, a zura bututu mai kyamara har cikin ƙoda, a farfasa a zuƙe. Na'urar da ke fasa tsakuwa daga waje ba tare da huda ba, wadda aka fara amfani da ita a Munik ta Jamus a 1980, ta fi dacewa da ƙanana. In aka buga wa babba, ɓaraguzan kan yi jerin gwano a cikin bututu su sake toshe shi, a yi ta komawa ana biya.

Maganar baya kuwa, Baba ya fi mu sanin wannan agara. Ka tambaye shi wannan rawayar agara ta wuyan sa, mai talewa, wadda ba ta dahuwa ko an kwana ana tafasa ta. Danginta ce ke haɗa ƙasusuwan bayanmu ta ciki, daidai bayan ramin da jijiyoyi ke bi. Kusan kashi 80 cikin ɗari nata zare ne mai talewa. Da shekaru da yawan wahala zaren yana raguwa, nama mai tauri irin na tabo ya maye gurbinsa, sai ta yi kauri, L4 da L5 kuma nan ne aka fi gani. In mutum ya miƙe tsaye ko ya ɗan gantsare, agarar tana naɗewa ta kutsa cikin ramin. In ya sunkuya sai ta miƙe ta sirance, jijiyoyi su sami sarari. Ga sirrin ruku'u da keke, a gaya wa Inna ba zaɓa yake ba. Wani likitan Holan mai suna Verbiest ya bayyana wannan ciwo tun 1954.

Bincike bai ce kowa sai an yi masa aiki ba. Wani babban bincike na Amurka da aka buga a 2008 ya nuna waɗanda aka yi wa aiki sun fi samun sauƙi bayan shekara biyu. Wani kuma a 2015 ya kwatanta aiki da motsa jiki na asibiti, bayan shekara biyu sakamakon ya zo kusan ɗaya, sai dai fiye da rabin 'yan motsa jikin sun koma an yi musu aikin a tsakani. Abin da na ɗauka daga ciki: jira ba ya ɓata komai ga yawancin mutane, in an gaji a yi. Wanda ya fi shafar aljihunku shi ne na Suwidin a 2016, a kan mutum 247: ƙara ƙarfe da kusoshi a kan rage matsewar bai ƙara musu sauƙi ba, sai tsawon aiki da zubar jini da tsada. In ranar aikin bayan ta zo aka kawo maganar ƙarfe, ku tambayi dalili. Akwai waɗanda ke buƙata, waɗanda ƙashinsu ke zamewa sosai, amma ba kowa ba.

Hajiya Mai Kilishi, Marwa:

Ɗana, ni ban san bincike ba, abin da ya same mu zan gaya maka. An yi wa maigidana aikin tsakuwa, aka saka masa wata 'yar roba a ciki mai lanƙwasa sama da ƙasa, JJ suke ce mata. Da Faransanci aka yi bayani, yaron da ya raka shi bai kama ba, muka dawo Marwa muna murna. Ashe cire ta ake yi bayan 'yan makonni. Ta zauna fiye da shekara, sai da fitsarinsa ya koma jini da wari muka koma, aka tarar tsakuwa ta gina a jikinta tun daga sama har ƙasa. Aikin cire ta ya fi na farkon tsada da wahala. In aka saka wa Baba irinta, kada ku bar asibiti sai an rubuta muku ranar cirewa a takarda, kuma ku ware kuɗin motar komawa tun yanzu, kada ku haɗa shi da na aiki. Allah ya tashi kafaɗunsa.

Ɗan Hausare, Garwa:

Amin Hajiya, na rubuta wannan a bangon takardun. Likita, na duba: ta fito fara ƙal a radiyo, ko ni da ban yi karatun ba na gan ta. Na karanta wa Baba maganar agarar wuyan sa ta waya, ya yi shiru, sannan ya ce wannan ai ko kare sai ya yi da gaske. Ya yarda a fara da ƙodar, da sharaɗin a bar masa kekensa. Saura tambayata ta biyu, ko bayan zai kawo cikas a wurin aikin. An ce rub da ciki ake kwantar da mutum, shi kuwa ko minti biyar ba ya iya yi a haka.

Malamar jinya, Ngaundere:

Tambayar tana kan hanya. Asalin aikin rub da ciki ake yin sa, kwanciyar kuma tana gantsarar da ƙugu, wato daidai yanayin da ke matse masa jijiyoyi, ga shi yana barci ba zai iya cewa ya ji zafi ba. Mukan sa matasai a ƙarƙashin ƙirji da ƙugu, a ɗan lanƙwashe gwiwoyi don bayan ya saki. Akwai kuma yin aikin a rigingine, a ɗan tokare kwiɓi ɗaya, hanyar da wani likitan Sifaniya mai suna Valdivia ya ɓullo da ita. Ba kowane likita ya saba da ita ba, ku tambaya, amma kada ku tilasta masa abin da hannunsa bai saba ba.

Ku tafi da hoton IRM ɗin ranar ganin mai allurar barci, ku ɗora masa a tebur ko bai tambaya ba. Wasu wuraren ta baya ake kashe rabin jiki don ya fi arha, a bayan da ya matse kuwa allurar ta fi wuyar shiga kuma haɗarin taɓa jijiya ya ɗan fi yawa, ƙila ya zaɓi barci gaba ɗaya. A yi gwajin fitsari kafin aiki, in akwai ƙwayoyin cuta a kashe su tukuna. Tunda kusa da Binuwai kuke, a duba har da tsargiya, ita ma tana sa jini a fitsari tana kuma ƙuntata bututun.

Bayan an cire, kusan rabin masu tsakuwa takan dawo musu cikin shekara goma in ba a kula ba. A wani bincike na Italiya a 1996, waɗanda suka sha ruwa har fitsarinsu ya wuce lita 2 a rana, kashi 12 cikin ɗari ne ta dawo wa cikin shekara biyar, sauran kuwa kashi 27. A Garwa a watan Maris da Afrilu, lita 2 na fitsari yana nufin shan ruwa fiye da haka nesa, don gumi ke kwashe yawancinsa. Ya riƙa duba launin fitsarin, in ya yi duhu bai sha isasshe ba. A rage gishiri da dunƙulen miya da nama da shayi mai kauri. Nono da kindirmo kuma kada a hana shi, hana su ƙara tsakuwar yake yi.

Ɗan Hausare, Garwa:

Nono mai sauƙi ne, Fulani ne maƙwabtanmu. Rage nama a gidan mahauci, wannan sai dai in haɗa shi da Inna. Ranar Litinin za mu kai sakamakon kireyatinin, in likitan ya sa rana zan dawo in sanar da ku.