Maganin maguna na ya fi ƙarfin aljihuna, ina ake samun sauƙi a Legas?

Uwar Maguna, Agege

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Ina da maguna biyu a gida, uwa da ɗanta, kusan sati biyu kenan suna ta susa gashi na zuba, ƙaramin kuma cikinsa ya kumbura kamar ganga, shine na kai su wajen wani likitan dabbobi ya duba yace ƙuma ce da tsutsar ciki. Ya rubuta magani kala biyu yace in saya nan wajensu, da aka buga min lissafi wlh sai da na nemi kujera, ya fi kuɗin cefanen sati. Na tsutsar kawai na iya saya nace zan dawo. Maigida sai dariya yake wai mage ma yanzu asibiti take zuwa. To ina ake samun irin wannan maganin da sauƙi, ko kemis ɗin unguwa zai yi?

Ɗan Mile 12

Wa alaikumus salam Hajiya. Ni karnukan gadi uku nake riƙe da su a wajen aikina, na daɗe ina shan wannan tsadar kafin in gane kan abin. Kuskuren da muke yi shine mu shiga shago da sunan kamfani a baki. In kika ce a ba ki Frontline, wato maganin ƙuma, to kuɗin suna za ki biya, alhali sinadarin dake ciki fipronil ne, kuma akwai wasu kamfanonin dake yinsa ba da wannan tsadar ba. Haka na tsutsa, mafi yawa praziquantel ne da pyrantel a haɗe. Ki ce likita ya rubuta miki sunan sinadarin da yawan da ya dace da nauyin kowace mage, ki ɗau hoton takardar ki tura ma shaguna uku ko huɗu ta WhatsApp kafin ki bar gida, don in kika ce ƙafa za ki taka to abinda kika rage danfo da gosulo ne za su cinye shi. Ke da ma kina Agege, wajen mayankar Oko-Oba shagunan maganin dabbobi suna nan birjik, ki fara ta can. Kemis na mutane kam ba kasafai suke ajiye irin wannan ba.

Anti Mai Zomaye

Maganarsa gaskiya ce amma ƴar uwa a yi hattara, araha bata ado. Ni an taɓa sayar min da maganin da saura kwana kaɗan ya lalace, sai da na zo gida na lura, na koma mai shagon yace shi bai ma san fuskata ba. Tun daga ranar bana biyan kuɗi sai na ga lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwalin, kuma sai an ba ni rasit. Kun dai tuna a farkon 2025 sai da NAFDAC ta rufe kasuwar magani ta Idumota akan jabu, to ba wasa bane.

Abinda ya fi damuna ma ba kuɗin bane. Kar wani yaron shago ya ce miki na karnuka ya fi arha ki ɗiga musu kaɗan, wasu magungunan kaska na karnuka akwai permethrin a ciki, shi kuwa guba ne ga mage, rawar jiki take kamawa har ta mutu. Paracetamol ma haka, ko ɓari kar ki ba su. Sannan ɗan ƙaramin watansa nawa? Don fipronil na ɗigawa a ƙeya ba a sa ma wanda bai kai sati 8 ba.

Baban Turke, Alaba Rago

Hajiya duk kun tsawaita zance. Mu nan kwalbar ivermectin ɗaya, maganin tsutsa da ƙwarin jikin dabbobi, muke saye ta yi mana raguna da yawa, ki turo yaro in tsiyaya miki kyauta.

Anti Mai Zomaye

Haba Alhaji, Allah ya saka da alheri amma rago mai kilo 40 ina shi ina ɗan magen da bai kai kilo 2 ba, wa zai auna? Ɗigo kaɗan ya wuce ƙa'ida shikenan an yi gyaran gangar Auzinawa.

Uwar Maguna, Agege

Nagode sosai Allah ya bar zumunci. Anti watansa huɗu, ya wuce. Na kira likitan, gsky bai ɓata rai ba ya turo min sunan sinadarin, na tambayi shaguna uku, na farko kusan ɗaya da na asibitin, na biyu yace babu sai wani satin, na ukun a Oko-Oba ya rage min wajen kashi ɗaya cikin uku, lamba da kwanan wata duk na duba lafiya lau. Likitan yace in wanke tsummokaran da suke kwanciya a kai da ruwan zafi in shanya a rana don ƙwan ƙumar a nan yake. Alhaji ka ajiye min tayin nan sai babbar sallah ta matso, ragon nake so ba maganin ba.